Ɓawon Gwazar Mama Kande

Kafanchan,
ranar Talata da rana.

Zuwa ga ɗiyata Rahila,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina roƙonsa ya kai ki Akwanga lafiya, ya tsare motar da za ki shiga da hannun direban da zai ja ta, ya sa ki tarar da ɗakin da aka kama miki ba ya yoyo, da maƙwabta masu tsoron Allah. Babanki bai san ina rubuta wannan takarda ba. Zan cusa ta cikin buhun accan da na ɗaure miki, sai kin zo kwancewa ki gan ta.

Ran Lahadi bayan sujada, muna cin abinci, babanki ya tambaye ki me za ki fara yi a gidan burodin da aka ba ki ki riƙe. Kika ce mai wurin ya gaya miki gidan ya cika da tarkace da mutanen da ba a san aikinsu ba, saboda haka makon farko za ki share shi tas, ki sallami duk wanda ba shi da amfani. Kuka yi dariya ke da babanki. Ni kuwa na ajiye cokali. Kika ce ko gishiri ya yi yawa, na ce a'a. Ba gishiri ba ne. Maganata ce na ji tana fitowa daga bakinki, har da yadda kika kaɗa hannu, kuma na san abin da ta jawo mini.

Kin tuna hutun da kika dawo daga makarantar aikin gona da wata kalma mai tsawo, famakalca, kika dame mu da ita? A duba ƙasa kafin a taɓa ta. Kada a shuka abu iri ɗaya. Abin da wannan ya zubar ya zama abincin wancan. A fara da kaɗan. Yanzu da aikin da kika samu ba na gona ba ne, na ga kin ninke wannan karatu kin sa a ƙasan akwati. Ki fito da shi. Ni ba a gona na koye shi ba, a gidan abinci ne, kuma ban koye shi da daɗi ba.

Kuskurena na farko ƙarami ne, amma daga shi sauran suka tsiro. Ina amarya a Fadan Kagoma, sati uku da aure, kakarki, uwar babanki, ta tafi kasuwa. Na leƙa bayan ɗakinta na ga wuri a cunkushe: ayaba, gwaza a ƙarƙashinta, kabewa ta hau kan danga, gauta, yakuwa, ga wata ciyawa ta shimfiɗe ko'ina. Na ce bari in nuna musu an kawo mace mai aiki. Na ɗauki fartanya na share wurin ƙal, na tara ciyawar na cinna mata wuta. Da ta dawo ta tsaya ta daɗe tana kallo. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "Amarya, sannu da aiki. Kin tambaye su me suke yi a nan kafin ki cire su?" Na yi dariya, don na ɗauka wasa take yi. Ciyawar nan ita take rufe ƙasa kada rana ta sha ruwan, kuma da wata daga ciki take yi wa kakanki maganin ciwon gwiwa. Waccan shekarar gwazarta ba ta yi ba.

Saboda haka abu na farko: wata ɗaya cur kada ki kori kowa, kada ki ture ko benci. Ki zo da wuri ki zauna inda za ki ga ƙofa da tanda. Ki ga wa yake zuwa da wane lokaci, me yake ɗauka, ina yake kaiwa. Idan mai wurin ya matsa miki, ki ce kina koyon gidan ne. Ni an ba ni wannan darasi kyauta ina da shekara ashirin, na yar da shi a hanya.

Da aka mai da babanki koyarwa a Kafanchan, na kafa rumfar abinci a gefen tashar mota, ƙarƙashin wani mangwaro. Tuwon acca, shinkafa, fate, doya da gwaza. Shekara goma sha ɗaya na yi a wurin. Sai yanzu nake gane yadda rumfar nan take numfashi. Ragowar abinci, Baba Dogara mai kiwon aladu yakan zo da yamma da bokiti biyu a keke ya kwashe. Takin aladunsa yakan kai wa wata mai lambu a bakin rafi, ita kuma kullum da safe ta kawo mini alayyafo da gauta da raɓarsu. Tokar murhuna wata mai yin sabulu take kwashewa, ta kawo mini na wanke-wanke. Babu wanda ya zauna ya tsara wannan. Ban taɓa haƙa ramin shara ba, don babu sharar.

Sai kuma Mama Kande. Tsohuwa ce siririya, ba ta cika magana ba. Ban ɗauke ta aiki ba. Wata safiya na same ta a bakin rumfa kan 'yar kujerarta ta katako, da wuƙa a hannu, ta ce, "Ɗiyata, kawo gwazar nan in fere miki, ni ba ta yi mini ƙaiƙayi." Daga ranar kullum tana nan. Ferewarta daban take: ta kama daga sama ta juya, ta juya, ɓawon ya sauko zare ɗaya bai tsinke ba. Ladanta kwano ɗaya na abinci, sai ɓawon da kawunan gwazar da ake yankewa, waɗanda take ƙullewa a tsumma ta tafi da su. Abincin ma rabi take ci ta rufe sauran. Ban taɓa tambayarta ina take kaiwa ba.

Ta san kowane direba da sunansa. Ta san wanda likita ya hana gishiri, da wanda matarsa ta haihu. Direbobi Musulmi in sun zo, ita suke kallo, ta gyaɗa kai, su zauna su ci, don sun san ta ga inda aka yanka naman. Wani lokaci tana tsakar ferewa sai ta ce, ba tare da ta ɗaga kai ba, "Yau kada ki ɗora tukunya ta biyu, motocin Kachia ba za su shigo ba." Kuma ba za su shigo ba. Nakan ce, "Mama, wa ya gaya miki?" Ta ce, "Ina zaune a baki ne, ke kina ciki."

Kina da shekara uku wani kamfani ya zo gyaran hanya. Shugaban ma'aikatansu ya ci fatena ya ji daɗi, ya ce zai ba ni kwangilar ciyar da mutanensu duka, safe da rana, muddin na sami wuri mai tsabta, da katanga da ƙofa. Kaina ya kumbura. Babanki ya ce, "Saratu, ki riƙe rumfar ko da tukunya ɗaya ce, ki gwada wancan a hankali." Na ce masa malamin makaranta bai san kasuwa ba. Na kama wani gini a bayan gari, na sa aka sare bishiyoyi biyu da suke tsakar gidan don suna zubar da ganye, aka shafe filin duka da siminti. Na rufe rumfa rana ɗaya. Direbobin da suka ci abincina shekara goma sha ɗaya ban ko yi musu sallama ba.

Wannan shi ne kuskure na biyu, kuma zai zo miki da fuskar alheri. Wata rana wata babbar makarantar kwana ko wani otal zai ce yana son burodinku duka. Ki karɓa, amma kada ki ba shi duka. Matan da suke ɗaukar goma goma a kai, da mai shayin bakin hanya, su ne za su rage ranar da babban ya juya baya. Haka ma ke kanki: kada ki zama manaja kaɗai. Ki riƙe hannunki na noma, ko da buhu huɗu ne na barkono a bayan ɗaki. Aiki ɗaya mutum ɗaya yake iya ƙwace shi da magana ɗaya.

Safiyar da na buɗe sabon wuri, ina tsaye a ƙofa da sabon leshi, sai ga Mama Kande ta taho a ƙafa tun daga tasha, kujerarta a kai, wuƙarta a ƙugu. Tafiya ce mai nisa ga tsohuwa. Ma'aikatan kamfani suna wucewa ta gefenmu suna shiga. Na ji kunyar zanenta.

Na ce, "Mama, nan ba kamar can ba ne. Ba a son wanda ba ma'aikaci ba."

Ta ce, "To, ɗiyata. In zauna a waje in fere."

Na ce, "Na ɗauki 'yan mata, za su yi."

Sai ta ce, "To ki riƙa ajiye mini ɓawon da kawunan, in zo in ɗauka."

Na ce, "An haƙa rami, can za a zuba. Ba na son a riƙa yi mini zirga-zirga a ƙofa." Na kaɗa hannu na ƙara da cewa, ina so ma'aikatan su ji, "Na share duk abin da ba shi da amfani."

Ba ta kalle ni ba. Ta leƙa ta gefena tana duban simintin, daga wannan bango zuwa wancan. Ta ce, "Ruwa zai bi ta ina?" Ta sauke kujerar ta ajiye a jikin katanga daga waje, ta juya ta tafi hannu wofi. Da yamma Baba Dogara ya zo da bokitansa, shi ma na mai da shi. Ya ce, "To, Madam." Bai taɓa kirana Madam ba sai ranar.

Rahila, a gidan burodin nan za ki sami wani kamar su. Wataƙila tsoho ne mai kwashe toka, ko mace mai zuwa karɓar burodin da ya ƙone ko ya karye, ko mai tara buhunan fulawa. Ba sa cikin takardar ma'aikata. Ki bi abin da suke ɗauka da ido har inda yake ƙarewa kafin ki ce kome. Wanda yake zaune a bakin wuri yana ganin ciki da waje. Manaja ciki kaɗai yake gani.

Watanni na farko komai ya tafi daidai, ko na ce haka na ga dama in gani. Amma wurin yana da wani irin shiru. Ka dafa abinci mai yawa haka, ko tsuntsu ɗaya ba ya sauka. Babu kaza, babu akuya, babu mai leƙowa ya ce sannu da aiki. Ma'aikatan su shigo a layi, su ci, su fita. Ban san sunan ko mutum biyar ba. Ramin bayan gida ya cika ya fara wari, aka haƙa na biyu. Ganyen miya sai na aika kasuwa a sayo wanda ya kwana. Da damina ta zo, ruwa ya rasa inda zai shiga, ya kwanta a tsakar gida, baƙi, ba ya motsi. In na bi ta gefensa nakan ga fuskata a ciki, sai in kau da kai.

Kujerar nan kuwa tana nan a jikin katanga. Rana ta dake ta, ruwa ya dake ta. A hanyar da ko icen da ya faɗo daga kan mai itace ba ya kwana, babu wanda ya ɗauke ta. Na ce wa Hannatu, babbar mai dafa mini abinci, ta jefar da ita. Ta ce, "Mama, ki sa ni kowane aiki, amma ban da wannan."

Hannatun nan ita kaɗai take gaya mini gaskiya. Ta ce miyarmu ta daina daɗi. Ta ce 'yan matan ba sa son shiga ɗakin ajiya su kaɗai, ko da rana tsaka. Wata rana ta ja ni gefe ta ce, "Mama, na ji direban tifa yana cewa sun kusa kai kwalta gadar ƙarshe. In sun gama, wa zai ci abincin nan? Mu fara kai ko kula ɗaya tasha." Na ce mata baƙin ciki take yi da ci gabana. Na sallame ta a ranar, na canza kwaɗon ƙofa, na ɗaure makulli a bakin zanena.

Ki ji wannan da kyau. Wanda ya gaya miki burodi ya fara tsami, ko tanda tana cin itace fiye da da, ba maƙiyinki ba ne. Ganye yakan yi rawaya kafin itace ya mutu, kin fi ni sanin haka. A wurin aiki, ganyen nan bakin mutane ne. Ranar da kika ga kowa yana ce miki komai lafiya, ki tsorata.

Wata biyu bayan tafiyar Hannatu, wata ranar Litinin, muka dafa abincin rana kamar kullum. Muka jera faranti a kan tebura. Sha biyu ta yi, ɗaya ta yi. Babu ƙarar mota, babu takun takalma. Na fita bakin hanya na duba: kwalta sabuwa, baƙa, tana sheƙi har iyakar gani, babu mutum ko ɗaya a kanta. Sun kwashe kayansu tun ran Asabar. Ba wanda ya cuce ni. Aikinsu ya ƙare, sun tafi. Na koma na zauna a cikin zauren nan mai tsawo, abinci yana hucewa a gabana, ina jin ƙarar kwanon rufi yana miƙewa cikin rana. Na rasa wanda zan ba abincin. Duk mutanen da za su ci shi ko su kwashe shi, ni na kore su da bakina. Muka zuba a rami.

Na sallami 'yan matan, amma ni ban daina zuwa ba. Kunya ta hana ni zama a gida, ta kuma hana ni komawa tasha. Kullum da safe in buɗe, in share, in zauna.

Abin da zan faɗa yanzu, ban taɓa faɗa wa kowa ba sai babanki da fasto da Baba Dogara. Ni ba na cewa matattu suna yawo. Ba haka aka koya mana ba. Abin da idona ya gani nake gaya miki.

Rana ta huɗu, da misalin ƙarfe takwas na safe, rana ta fito sarai, na buɗe kwaɗo na shiga. Akwai ragowar buhun gwaza a ɗakin ajiya. A bakin ƙofar ɗakin na tarar da baho, cike da gwaza an fere ta tas, an wanke, ruwa bai ko bushe a jikinta ba. Na tsaya. Na taɓa makullin da yake bakin zanena. Na duba ko'ina ban ga ɓawo ba, ban ga kan gwaza ko ɗaya ba, sai guntun zare ɗaya da ya maƙale a gefen bahon, a murɗe, yadda mutum ɗaya kaɗai na sani yake ferewa. Da na juya, kujerar tana ciki, kusa da bahon.

Na fita da gudu har ɗankwalina ya faɗi. Babanki ya ce wata daga cikin 'yan matan ce ta haura katanga don ta tsorata ni. Ya zo da kansa ya mai da kujerar waje, ya sa kwaɗo na biyu, ya riƙe makullin. Washegari tare muka buɗe. Baho a cike. Kujera a ciki. Babanki, mai bayanin komai, ya cire hularsa ya riƙe a hannu.

Muka kira fasto. Ya zagaya wurin, ya dubi bahon, ya dubi ruwan da yake kwance a tsakar gida tun damina. Ya ce, "Maman Rahila, addu'a za mu yi, kuma Ubangiji yana ji. Amma ki gaya mini, kujerar wa ce wannan?" Na faɗa masa. Ya ce, "Yaushe rabonki da ita?" Na ce shekara ɗaya da rabi. Ya ce, "To in mun ce amin, ki je ki gaishe ta."

Na tafi tasha. Wata ta kama wurina a ƙarƙashin mangwaro. Direbobi suka amsa gaisuwata a taƙaice. Na ga Baba Dogara yana ɗaure bokiti a keke, na ce, "Baba, ina zan sami Mama Kande?"

Ya dube ni. Ya ce, "Madam, yau sati biyu da muka binne ta."

Na zauna a ƙasa, a nan cikin tasha. Da na iya magana na gaya masa abin da nake tararwa da safe. Bai yi mamaki ba, wannan ya fi komai tsorata ni. Ya jingina keken ya ce, "Taso ki ga wani abu."

Ya bi da ni ta bayan tsohuwar rumfata, inda nake watsa ruwan wanke-wanke. Shekara goma sha ɗaya ina watsa ruwa ta wannan danga ban taɓa zagayawa na ga inda yake zuwa ba. Ashe akwai 'yar kwata da aka haƙa da hannu, ta gangara zuwa wani fili kamar faɗin ɗaki biyu. Baba Dogara ya ce a nan Mama Kande take dasa kawunan gwazar da take ɗauka, ta rufe su da ɓawon, ruwana yana shayar da su rani da damina. Ya ce wurin yakan yi kore har ya kai ƙugun mutum. Da na tashi, ruwa ya yanke, iri ya yanke. Wadda ta gaje ni a kwalbati take zubar da nata. Rani ɗaya ya gama da wurin.

Ƙasar ta bushe ta tsage. Amma a cikinta, a jere, layi biyu, ga kawunan gwaza sababbi, yankan bai ko yi baƙi ba, an dasa su an lulluɓe da ɓawo mai zare ɗaya. Na ce, "Baba, wa ya dasa?" Ya ce, "Ni dai ba ni ba ne. Shekaranjiya na fara ganinsu." Sai ya nuna mini wani ɗan ɗaki na laka a ƙarshen filin, ya ce, "Ba don kanta take yi ba."

A cikin ɗakin wata tsohuwa tana zaune a kan tabarma, idanunta farare, ba ta gani. Yayar Mama Kande ce. Rabin abincin da ake rufewa nata ne. Gwazar filin nan da ita suke ci, su sayar da kaɗan su sayi gishiri da kananzir. Tun rasuwar ƙanwarta, matar Baba Dogara ce take kawo mata kunu. Ban yi sallama ba tukuna, ina bakin ƙofa, ta ɗaga kai.

Ta ce, "Saratu ce?"

Na ce, "Ni ce, Mama. Yaya aka yi kika san ni?"

Ta ce, "Kande ta ce za ki zo."

Na ce, "Kafin ta rasu ta faɗa?"

Ta juya fuska wajen filin kamar mai sauraron wani abu. Ba ta amsa wannan ba, ranar ko bayanta. Ta ce, "Ta ce in kin zo kada in yi miki faɗa. Ta ce ba mugunta ba ce, ba ki duba ba ne."

Na durƙusa na yi kukan da ban yi ba ko ranar da uwata ta rasu. Da faɗa ta yi mini da ya fi sauƙi. Kwanon abinci ɗaya da ɓawon da nake biyan mutum ya haƙa wa rami, su ne rayuwar mutum biyu. Ban sani ba, gaskiya ne. Amma ban tambaya ba, kuma tambayar ba ta fi ƙarfina ba.

Abin da kika kira shara a wurin aikinki yana da inda yake zuwa, ko kin sani ko ba ki sani ba. Wannan ba maganar tausayi kaɗai ba ce. Ranar da na yanke su, ni ma na yanke ganyen safe, da sabulu, da labarin motoci, da amincewar direbobi. Na ɗauka ni nake ciyar da su, ashe tare muke riƙe da juna.

Ranar nan ban koma gida ni kaɗai ba. Baba Dogara ya samo mota, muka ɗauko tsohuwar da tabarmarta da ƙullin kayanta. Babanki ya kwashe littattafansa daga ƙaramin ɗaki ba tare da na roƙe shi ba. Washegari na je na buɗe wurin. Baho a kife yake, a bushe. Kujerar tana waje, a jikin katanga inda mai ita ta bar ta. Abin bai sake faruwa ba.

Sauran kin san shi, ko da ba ki san tushensa ba. Na je har gida na roƙi Hannatu gafara. Sai zuwa na uku ta yarda ta dawo. Muka sa diga muka fasa simintin gefe ɗaya, ruwa ya sami hanya, muka dasa ayaba da gwaza a inda yake bi. Na koma tasha da kula ɗaya a kai, ina tsayawa a gefe kamar sabuwar zuwa. Wata shida kafin direba na farko ya tako har wurina ya zauna ya ci. Baba Dogara ya kai shekara kafin ya sake ce mini Saratu. Ban yi arziki ba, amma daga wannan wuri kuka yi makaranta ke da ƙannenki, kuma ba a sake haƙa rami ba. In wani abu ya rushe miki, kada ki yi sauri ki gina babba a kansa don ki rufe kunya. Ki fara da abin da hannunki zai iya ɗauka.

Tsohuwar nan, Rahila, ita ce Kaka Asabe. Wadda kika riƙa ja wa sanda zuwa coci shekara tara, wadda ta koya miki waƙoƙin zumuntar mata, wadda kika kwana uku ba ki ci abinci ba da ta rasu. Kin girma kina ɗauka ƙanwar kakanki ce. Ba mu haɗa jini ba, ko yarenmu ba ɗaya ba ne. Ta san abin da na yi wa ƙanwarta, ta goya ki a bayanta, kuma ba ta taɓa faɗa miki ba. Ni ma ban faɗa ba, don ina so ki riƙa ganina da mutunci. Yau na ga gara ki san uwarki yadda take, da ki je ki maimaita ta.

In kin karanta ki kira ni. Ki tambaye ni duk abin da kike so, amma kada ki tambaye ni wa ya fere gwazar. Ban sani ba, kuma na daina neman sani.

Ubangiji ya tsare fitarki da shigarki. Ya kiyaye ki daga haɗarin hanya, da wutar tanda, da mugun abokin aiki, da girman kai irin nawa. Ya ba ki ido mai haƙuri da kunne mai jin maganar da ba ta da daɗi. Ki nemi coci tun makon farko, ki gaishe mini da mai gidan da za ki zauna, ki kuma riƙa cin abinci a kan lokaci. Alherin Ubangiji Yesu ya kasance tare da ke har mu sake ganin juna. Amin.

Ni ce mamanki,
Saratu.